Sunan Tukunya

Ƙarfe biyun dare a bakin kogin Ohayo,
ni da tukunya muna gadin juna.
Ta fi tirela tsawo, an toshe mata baki ruf,
ba kafar da iska za ta leƙa.
Wai in babu iska babu wuta,
sai zafi tsagwaronsa,
har leda ta manta ita leda ce.

Na ga abin da ke shiga:
gorar madara, silifas ɗin yaro ƙafar hagu,
buhun abincin kare,
jakar kanti da aka buga wa "Mun gode" sau uku.
A niƙa, a tura.
Can ƙarshen bututu mai ya ɗigo,
baƙi, mai kauri, warinsa na raka ni har gida.
Darlene ta hana ni kujerar falo sai na yi wanka.

A majalisar jiha an yi zama a kan suna.
Ba kan mai ba, ba kan toka ba. Suna.
In an ce "ƙonawa", doka na da haƙora:
awon hayaƙi, takardu, jami'i da na'urarsa.
In an ce "masana'anta", sai ta kwanta kamar mage.
Hannuwa suka tashi, aka ƙirga.
Tukunyata ta kwana maƙona, ta tashi mai sana'a.
Allurar ma'aunin zafi ko motsi ba ta yi ba.

Ƙanwata Maybelle malama ce a tsallaken gada.
A durowarta akwai abin shaƙar asma guda bakwai,
kowanne da sunan yaro a jikin salatif.
Ranar taron gari, a ɗakin ƙwallon kwando,
ta zube su a gaban mutumin kamfani.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, "Suna linzami ne, na yarda.
Wa kuka ɗaura wa, hayaƙin ko mu?"

Shi kuma ya haska zobe a bango,
koren kibau na bin juna:
leda ta zama mai, mai ya koma leda,
ba farko ba ƙarshe.
Zoben ya yi kyau, wallahi.
Amma littafin aiki a hannuna yake.
Wani kaso tukunyar ke cinyewa don ta dafa kanta.
Wani toka ne, mota ta kai shi juji.
Saura tanka ta ɗauka zuwa matatar mai,
cokali guda cikin rijiya,
sai akawu ya rubuta: wannan gorar daga can take.
Ni dai ban taɓa ganin wadda ta dawo ta gaishe ni ba.

Ina layi na uku. Ban tashi ba.

Don na san ɗaya gefen ma.
Na ga mahaifinmu ranar da aka kulle kamfanin ƙarfe,
ya zauna a mota har magariba, bai kunna ta ba.
Na ga bishiyoyin gaɓa bayan ambaliya
sun yi lulluɓi da leda kamar masu takaba.
Dole a kai ta wani wuri.
Kuma wayar haƙoran Josie
daga wannan baƙin mai aka biya kuɗinta.

Ran Lahadi Maybelle ta kawo gasasshen tuffa.
Muka yi hirar rufin coci da ke yoyo.
Da za ta tafi ta shinshina rigata,
ta gyara mini wuyanta, ba ta ce komai ba.

Yanzu huɗu saura.
Harshen wuta ɗaya na lilo a kan dogon bututu,
wanda ba ya cikin zoben bango.
Na duba allura, na ɗauki biro.
Littafin nan ba shi da gurbin suna,
lamba kawai yake karɓa.
Na rubuta ta yadda na gan ta.